Laisiasa, Kafintan da Ɗalibarsa Ta Sha Gabansa

Gari na wayewa a Waisere, abin da ake fara ji shi ne gangar kututture ta cocin Metodis, kuma kowa ya san hannun da ke bugunta. Laisiasa ne, wanda yara da manya ke kira Kawu Lai. Idan ya ajiye sandunan sai ya shiga ya yi addu'ar safe da tsofaffin matan da barci ya daina yi musu daɗi, ya koma gida ya sha shayin ganyen lemo da dafaffen rogo, ya cire zanen da mazan garin ke ɗaurawa zuwa coci ya sa gajeren wando, ya gangara shagonsa da ke bakin hanyar Nausori. A can yake wuni cikin garin katako, yana yin ƙofofi da bencina, da akwatin gawa idan an yi rashi. Haka yake tun gashin kansa na baƙi. A wannan watan ya ajiye aikin ikilisiya, don gwiwoyi sun ƙi, ido ma ya fara ƙi, shi ya sa ya dace a faɗi abin da ya yi tun yana iya ji da kunnensa.

Lokacin da ya zo daga tsibirin Kadavu yana saurayi, cocin Waisere rumfar kwano ce, iyalan da ke zuwa ba su cika tabarma huɗu ba. Daga baya mutane suka yi ta kwararowa daga tsibirai, wani neman aiki a birnin Suva, wani don karatun 'ya'ya, wani guguwa ce ta kwashe masa gida. Suka kafa bukkokin kwano a gefen taɓo da kan tuddai, ranar Lahadi kuma duk su nufo coci, har ya zama ana tsayuwa a tagogi. Fasto ɗaya ne, wanda a yarensu ake kira Talatala, sunansa Apakuki, ga ikilisiyoyi barkatai a wuyansa, sai ya yi wata bai leƙo ba. Dattawa suka yi ta kukan a ƙaro fastoci. Laisiasa ya ce musu, “Ku daina kallon hanya. Waɗannan da ke zaune a kan tabarma, su ne za su tashi su yi aikin.”

Ya buɗe aji a shagonsa kowace Asabar da yamma. Akwai direban bas, akwai mai gadin kanti, akwai wata nas da ta yi ritaya. Ya koya musu yadda ake shiga ɗakin mara lafiya ba tare da an cika shi da surutu ba, da yadda ake jan taro ba a tashi da gaba ba, da yadda ake tsayawa a gaban mutane a buɗe Maganar Allah. Mumbarinsu wani tsohon akwatin sabulu ne. Ɗalibi zai hau ya fara wa'azi, shi kuwa malamin ya ɗauki zarto ya ci gaba da yankan katako kamar ba kowa a wurin.

“Kawu, ai ba ka ji na,” in ji direban bas wata rana.

“Ni ma abin da na gani ke nan. Idan muryarka ba ta danne zarto ba, yaya za ta danne kukan jarirai da ruwan sama a kan kwano? Sake daga farko.”

A bakin hanya ya tsinci Miliakere. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, tana shiga taɓon bakin teku ta kamo ƙaguwa, ta ɗaure su ta sayar kusa da tashar bas. Wata rana wasu samari biyu suka kaure da dambe a gabanta, maza suka ja da baya suna kallo. Ita ko tashi ba ta yi ba. Daga inda take zaune ta kira kowannensu da sunan uwarsa, ta faɗa musu maganar da ta sa ɗaya ya saki kwalbar da ke hannunsa, ɗayan ya zauna a bakin kwata yana share hanci. Laisiasa na tsaye a ƙofar shago yana ji. Ya tsallako titi.

“Ke Mili, wannan bakin naki ƙaguwa kaɗai yake sayarwa?”

“To me kuma zai sayar, Kawu? Ƙofa?”

“Ki zo shago ranar Asabar.”

“In yi me? Ni da ko firamare ban gama ba.”

“Ni da na gama, ga ni nan ina shaƙar garin katako. Ki zo.”

Ta zo. Ranar farko da ta hau akwatin, gaisuwa kawai ta iya, ta sauka da gudu ta zagaya bayan shago ta yi amai. Mazan suka kwashe da dariya. Laisiasa ya ajiye zarto, abin da bai saba yi ba, ya dube su ɗaya bayan ɗaya har dariyar ta mutu. Daga ranar ya ɗauke ta kamar 'yar cikinsa. Yakan tura matarsa Torika ta zauna mata a kan ƙaguwa don kada ta rasa ciniki saboda aji. Yakan zauna da ita a gefen titi yana bin layi da yatsa har karatunta ya miƙe. Da ta ci jarrabawar masu wa'azi, ya lura mumbarin coci ya fi ƙarfin tsawonta, kanta kawai ake gani, sai ya ƙera mata matakala ya ɓoye a ciki, ya ce kada kowa ya sani.

Kai ne mai ganin ƙofa a cikin kututture tun ba a sare shi ba, Kawu Lai. Wannan kowa ya yarda. Abin da ya biyo baya ne mutane ke faɗa da ƙasa-ƙasa, alhali a nan ne girmanka yake.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya tafi da wani magidanci da ƙaramar 'yarsa. Laisiasa na cikin waɗanda suka shiga ruwa neman gawarwakin, shi ne kuma ya ƙera akwatunan biyu, babba da ƙarami. Sanyi ya kama masa ƙirji, ranar jana'iza ya tashi ba murya ko kaɗan. Gada ta nutse, Talatala ba shi da hanyar zuwa. Laisiasa ya nuna Mili da hannu, ya nuna mumbari.

Ba ta daɗe ba. Ta dubi matar mamacin ta ce, “'Yar'uwa, kada ki tambaye ni dalili, ban sani ba. Na binne nawa mijin, na yi ta tambaya har na gaji, ba a ba ni amsa ba. Abin da na sani, washegari da na buɗe ƙofa na tarar da tukunyar gwaza da zafinta, har yau ban san wanda ya ajiye ba. A cikin tukunyar nan na gane Allah bai manta da gidana ba.” Sai ta juyo ga jama'a. “Gobe ku ne masu ajiye tukunya. Jibi ma ku ne. Ranar da kuka gaji, ku tuna ita ba ta gama kuka ba.”

Cocin ya yi tsit, sai shessheƙa. Manyan maza suka sunkuyar da kai. Da aka fito, wata tsohuwa ta kama hannun Laisiasa da hannu biyu tana girgizawa.

“Lai, Allah ya yi maka albarka da ka ba yarinyar nan wuri. Tun da aka gina cocin nan ban taɓa jin wa'azi ba sai yau.”

Shi ne ke wa'azi a cocin nan fiye da shekara ashirin, tsohuwar kuma kullum tana layin gaba. Ko da yana da abin cewa, babu muryar faɗa. Ya yi mata murmushi, ya ji wani abu ya tokare masa ƙirji wanda ba sanyin kogi ba ne.

Murya ta dawo bayan 'yan kwanaki, abin da ya tokare shi kuwa ya zauna daram. Ya fara lura da abubuwan da da ba ya gani. Idan shi ke kan mumbari, mata na fifita da mafici, maza na leƙen agogo, yara na tsungulin juna. Idan Mili ce, ko tari ba a yi. Matasan da ke kawo masa tambayoyi a shago sai ya hango su tsugune a gaban tiren ƙaguwa. A gidansa ma bai tsira ba, Torika na wanke kwanuka tana maimaita maganar Mili ta ranar Lahadi.

“Wannan maganar ai ni na koya mata,” ya ce. “Na faɗe ta a coci bara, kina zaune.”

“Haba? To ban ji ta haka ba a bakinka, Baban Sera.”

Ranar ta dafa ƙaguwa da madarar kwakwa, abincin da ya fi so a duniya. Ya ture kwanon ya ce cikinsa ba daɗi, ya ci rogo gaya. Daga nan cikinsa ya daina daɗi duk ranar da aka dafa ƙaguwa.

Wanda bai bar shi ya sha iska ba shi ne taubashinsa Nemani, shugaban mawaƙan coci, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya. Ranar Lahadi da yamma, maza na zaune a kan tabarma ana zagaya ƙoƙon kava, jiƙon saiwar da suke sha a wajen hira, Nemani ya miƙa masa nasa, ya kira shi Tavale, wato taubashi, ya ce, “Sha, Tavale, ko zai wanke maka abin da ke maƙale a wuya. Jama'a, ku tausaya wa taubashina. Ya yi shekara uku yana wasa wuƙa, da ta yi kaifi ta fara da yatsansa.”

“Kai dai ka ji da mawaƙanka da ke shiga waƙa kamar awaki sun ga ƙofa a buɗe.”

“Awakina ba sa sa mutane barci. Ranar da kake wa'azi har ƙadangarun bango hamma suke.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya tafa hannu ya shanye ƙoƙon. Amma da aka tashi ya kama hanyar gida shi kaɗai.

Ya koma bin Mili da gyara. Yau ta haɗiye ƙarshen magana, gobe ta daɗe a addu'a, jibi ta ambaci ƙaguwa a kan mumbari, abin da bai dace ba. Ita kuwa sai ta ce, “To, Kawu, na gode,” ta gyara, wa'azin ya ƙara kyau, haushinsa ya ƙaru. Da yake shi ke raba wa masu wa'azi wuraren da za su je, sai ya fara tura ta Delaivatu, wata sabuwar unguwa a kan tudu inda mota ba ta hawa, jar laka har gwiwa idan an yi ruwa. Iyalai kaɗan ne a can, suna sujada a ƙarƙashin tamfol. Lahadi bayan Lahadi, Mili Delaivatu.

“Tana bukatar horo a ƙaramin wuri,” ya ce wa Torika, ba tare da ta tambaye shi ba.

“Horo ne ko kora?”

Ya tashi ya fita.

Mili ta riƙa cire takalmi ta hau tudun da ƙaramin ɗanta a baya. Kafin shekara ta zagayo tamfol ɗin ya yi kaɗan, aka ƙara wani, aka kafa ginshiƙai aka yi rufin kwano. Mutanen da suka daina zuwa kowane coci suka dawo. Abin da ya fi ci wa Laisiasa rai, matasan Waisere kansu suka fara hawa tudun ranar Lahadi, suna wuce ƙofar cocinsu da takalma a hannu. Yana tsaye a kan mumbari yana hango su ta taga.

Sai ga mutanen Delaivatu sun zo shagonsa, suna so ya yi musu bencina don tsofaffin da ba sa iya zaman tabarma. Nemani na wurin, ya riƙe ciki don dariya.

“Tavale, kai za ka ƙera wa masu gudun wa'azinka wurin zama! Ka bar musu ƙusa ɗaya a tsaye mana, ko ka huce.”

Laisiasa ya kore shi daga shagon. Ya yi bencinan nan yana huci, yana magana shi kaɗai, amma duk wanda ya je Delaivatu ya shafa su ya san ba a taɓa yin irinsu a Waisere ba. Katakon da ya ɓoye don ƙofar gidansa ya sa, ya goge su har suna sheƙi, kuɗin ƙusa kawai ya karɓa. Shi da ɗalibansa suka ɗauke su a kafaɗa suka hau da su.

Bayan haka ne Talatala Apakuki ya zo shagon da kansa, ya zauna a kan wata ƙofa da ba a gama ba. Ya ce Delaivatu ta isa ta tsaya da ƙafarta, za a naɗa mata vakatawa, mai riƙon ikilisiya a inda fasto ba ya zama. Sunaye biyu ake ambata, na Laisiasa da na Mili.

Wannan matsayin shi ne abin da Laisiasa ya yi ta so tun yana saurayi. Sau ɗaya an ba shi dama, ciwon mahaifiyarsa ya hana shi tafiya. Sau na biyu aka ba wani yaro da shi ya koya wa riƙe littafi. Ya haƙura, ya ce wa kansa ba rabonsa ba ne, ga shi kuma abin ya dawo yana tsufa.

“Dattawa kai suke so,” in ji Talatala. “Wasunsu ba sa son mace, wasu ba sa son mai ƙaguwa. Mutanen tudu kuma ita suke so, ina tsoron idan aka hana su za su watse, ga masu sababbin coci-coci na zagaya su da lasifika. Kai ka horar da ita, kai ka san ta. Abin da ka faɗa a taro, shi za a bi.”

Ana saura kwanaki taron, Laisiasa ya ɗauki guduma ya hau Delaivatu da rana, wai zai duba ko wani benci ya saki. Shi ya san abin da ya kai shi, kuskure yake nema. Ya tsaya a bayan rumfar inda ba a ganinsa. A ciki wani saurayi na tsaye a kan akwatin katako yana wa'azi da rawar murya, wata mata na gefe tana kankare kwakwa da ƙarfi, Mili na zaune a ƙasa da mutum biyar ko shida.

“Ban ji ka ba,” ta ce wa saurayin. “Idan muryarka ba ta danne kankarar kwakwa ba, yaya za ta danne ruwan sama a kan kwano? Sake daga farko.”

Suka yi dariya, wani ya ce, “Kai, Anti Mili, ina kike samo irin waɗannan?” Laisiasa ya kasa kunne, yana jiran ya ji sunansa. Ita hankalinta na kan saurayin, ta ce, “Bar surutu, bari ya sake.” Sunan bai fito ba. Har akwatin ma ta ɗauke, ya faɗa a ransa, har maganar bakina. Ya ci gaba da tsayuwa, kuma ya sami abin da ya zo nema, don da ta zo bayyana musu wata aya sai ta haɗa labarai biyu ta mai da su ɗaya, ta ba wani annabi maganar wani. Ba ƙaramin kuskure ba ne ga mai koyar da wasu. Ya sauko tudun gwiwoyinsa na ƙara, yana shirya yadda zai faɗe shi a gaban dattawa cikin tausasawa, kamar wanda abin ya dame shi.

A gida ya ba Torika labari. Ta ci gaba da tankaɗe garin rogo.

“Idan ka faɗa, za su ba ka,” ta ce. “Mutanen tudu kuma suna da kunya, ba za su ƙi ka ba. Za su shimfiɗa maka sabuwar tabarma, su kawo maka gwaza mafi girma, su zauna a bencinanka su yi barci. Bayan wata uku ka fara ƙirga waɗanda suka rage.”

“Ke matata ce ko matar Mili?”

“Taka ce, shi ya sa nake faɗa maka a ɗaki. Nemani a kasuwa zai faɗa.”

Aka yi taron ranar Asabar da safe a zauren coci, kowa a zaune a kan tabarma, manya a sama, Mili can kusa da ƙofa ta sunkuyar da kai. Ratu Ilaitia, babban dattijon unguwa, ya fara magana. Ya yabi ƙoƙarin yarinyar, sannan ya ce riƙon ikilisiya ba wa'azi kaɗai ba ne, akwai zama da sarakuna, akwai karɓar baƙi, kuma bai ga yadda za a ce mace mai warin taɓo ce ke gaban maza ba, alhali ga Laisiasa da ya ba da ransa ga aikin nan. Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Aka tambayi Mili, ta ce da ƙaramar murya, “A ba Kawu. Duk abin da na sani a shagonsa na samo.”

Ga sunan ya fito, amma ya zo a lokacin da ya fi yi masa nauyi. Talatala ya dube shi. Laisiasa ya gyara zama, ya tafa hannu don neman izini.

“Talatala, Ratu, iyayena da 'yan'uwana. Ina son aikin nan. Na so shi tun kafin a haifi wasunku. Kuma ina jin haushin yarinyar nan, ba sai na ɓoye ba, taubashina ya riga ya yi shela har Nausori.”

“Har Suva,” in ji Nemani daga baya. Aka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri.

“Na fi ta sanin Littafi. Ranar Talata na laɓe a bayan rumfarsu na ji ta ba wani annabi maganar wani, na sauko da murnata, na ce na samu abin da zan kayar da ita.” Mili ta ɗago kai a firgice. “To ga shi na faɗa. Kuskuren nan Asabar ɗaya ta isa in gyara mata shi, kuma za ta zo in gyara, ko tana so ko ba ta so. Amma abin da take da shi, na yi shekara talatin ina roƙon Allah bai ba ni ba. Idan na yi magana mutane na jira in gama. Idan ta yi, sai su tashi su je su aikata. Ni na tura ta tudun nan don in huta da jin sunanta, ta je ta tara mutanen da ni ban iya tarawa ba, har ta fara koyar da waɗanda za su gaje ta. Ratu, ka yi mini gafara, ranar da ta tsaya wa'azi a gaban akwatunan gawa biyun nan, ina kusa da kai, na ga ka share ido. Ba ka tambaya a ranar ko mace ce ko namiji ba. Warin taɓo kuwa, da shi ta ciyar da marayu uku. A ba ta. Idan aka hana ta, ni ma ba zan hau ba, sai ku nemi na uku.”

Ratu Ilaitia ya murza gwiwarsa, daga bisani ya tafa hannu a hankali alamar amincewa, sauran suka bi. Mili ta rarrafo a kan gwiwa daga bakin ƙofa har inda Laisiasa yake, ta kifa kai a ƙafarsa tana kuka. Shi kuwa ya kafe ido a bango ya ce, “Tashi, tashi, kina jiƙa mini zane. Ranar Asabar ki zo da littafinki.”

Da za a ce daga ranar kishin ya tafi, da an yi ƙarya, shi ma ba zai yarda a faɗa ba. Ranar naɗin ya hau tudun ya zauna a gaba, aka rataya wa Mili furanni a wuya, mawaƙa suka ɗaga murya, ya ji ƙirjinsa ya ƙulle kamar ranar farko. Ya dawo gida ya kwanta da rana, ya juya wa Torika baya. Asabar na zuwa ya buɗe shago, sai ga Mili da littafinta, ga mutum biyu da ta kawo masa daga tudu, ta ce ita ta fara, shi ya ƙarasa. Ya harare su, ya nuna musu wurin zama, aji ya ci gaba. Cikin biyun nan ma ɗaya ta fito da baiwar da ta fi tasa, ya gane tun a wata na farko, ya yi tsaki, ya ƙara mata lokaci.

Kai ne wannan, Kawu Lai. Mai koyar da wanda bai kai shi ba yana da yawa, don yabon na dawowa gare shi. Kai ka ga wadda za ta shafe sunanka, zuciyarka ta yi ta ƙuna, ka yi fushi, ka yi ƙorafi, har ka ɗauki makami ka hau tudu, amma da lokacin ya zo ka ajiye shi ka ɗaga ta sama da kanka. Yau direban bas ɗin nan ke riƙe da ikilisiya a tsibirin Vanua Levu, nas ɗin ce ke jagorar masu ziyarar asibiti, Delaivatu ta haifi wata rumfar a bayan tudu. Yawancin masu zama a waɗannan wurare ba su taɓa jin sunanka ba.

Lahadin da ta wuce aka yi masa bikin ajiye aiki. Aka gasa alade da gwaza a rami, mata suka jibge masa tabarmi har ba a ganin gwiwarsa, ɗalibansa suka zo daga nesa da kusa. Mili aka ba jawabin godiya. Ta yi magana a kan mutumin da ya tsallako titi saboda wata mai talla, ta faɗi abubuwan da shi kansa ya manta ya yi, har zauren ya koma sharar hawaye. Laisiasa ya yi ta ƙoƙarin daurewa, ya kasa, ya rufe fuska da gefen rigarsa. Nemani ya matso ya dafa shi.

“Yaya dai, Tavale?”

“Ka ji ta ko?” ya ce cikin kuka. “Ko godiyar ma sai da ta fi ni iyawa.”

Mun gode, Laisiasa. Mun gode da abin da ka bayar da daɗin rai, mun fi gode wa wanda ka bayar zuciyarka na ciwo. Allah ya sanyaya maka gwiwoyi, ya ba Torika ladan haƙuri da kai. Ku kuma da ke riƙe da wani aiki a coci ko a unguwa, kuna ganin kamar in ba ku ba ba mai iyawa, ku duba cikin waɗanda ke zaune a gabanku. Akwai wanda zai fi ku, wataƙila ma kun riga kun gane shi, shi ya sa ba kwa son haɗa ido da shi. Ku kira shi ku koya masa duk abin da kuka sani. Zai yi zafi, Kawu Lai na nan da ransa, ku je ku tambaye shi, ba zai ɓoye muku ba. Ku koya masa duk da haka.